Riƙon Gatari

A babban hutun da ya gabata na karɓi wani aiki wanda, in gaskiya za a bi, ban cancance shi ba. Wani mai horar da ƴan wasan tanis ne ya zo Yamai daga ɗaya daga cikin ƙasashen bakin teku domin ya yi mako shida yana koyar da yara, kuma ko "sannu" ba ya ji da Hausa. Yaran kuwa, su wajen ashirin, ƴan shekara tara zuwa goma sha uku, Faransancinsu na aji ne, irin wanda ke tsayawa a bakin ƙofar lakkwal. Aka shiga neman tafinta. Ni kuma aljihuna ya bushe, ga shi ina tsakiyar tattara bayanai don kundin digirina na biyu a kan keɓaɓɓun kalmomi, sai faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ban taɓa riƙe raketi ba a rayuwata, amma wannan bai hana ni barci ba, domin a lokacin na ɗauka tafinta aikin baki ne kawai. Kwana uku kafin a fara na zauna da ƙamus da littafin dokokin wasan, na tsara jerin kalmomi arba'in da biyu, kowace da takwararta ta Hausa, bisa ƙa'idar da aka koya mana a aji: a fara neman kalmar gida, in babu a faɗaɗa ma'anar wata, in ya faskara a ƙirƙira, aro shi ne na ƙarshe. Har na yi wa kaina murna da na gano cewa sunan wasan ma daga riƙo ya samo asali. Masana tarihin kalmomi sun fi karkata ga cewa daga "tenez" na Faransanci ya fito, kalmar da mai fara bugu yake faɗa wa abokin karawarsa a tsohon wasan "jeu de paume", wato wasan tafin hannu. Umurni ne daga aikatau "tenir", riƙewa. Da Hausa, ungo ke nan. Turawan Ingila suka ari kalmar, suka sake wa wasan fasali a kan ciyawa a shekarun 1870, aka yi gasar Wimbledon ta farko a 1877, sannan kalmar ta koma gida Faransa sanye da baƙuwar riga. Na rubuta wannan duka a shafin farko na kayena, ina jin na kama bakin zaren.

Ranar farko mai horarwa bai bari an taɓa ƙwallo ba. Ya zaunar da yaran a inuwa, ya juyo musu gindin raketi. Mariƙin ba mulmulalle ba ne kamar muciya, gefe takwas gare shi. Idan aka tsayar da raketin ta yadda ragarsa ke kallon hagu da dama, gefen da ke sama shi ne na ɗaya, sai a ci gaba da ƙirga zuwa dama; bahago kuma ya ƙirga zuwa hagu. Duk bambancin riƙo a wannan wasa yana rataye ne a kan tambaya guda: a wane gefe gaɓar gindin manuniya ta zauna? In ta zauna a na biyu, shi ne riƙon nahiya, wanda Faransawa ke kira "continentale". In a na uku ne, riƙon gabas, kamar mutum yana musafaha da raketin. Na huɗu rabin yamma, na biyar kuma, inda tafin hannu ke komawa ƙarƙashin mariƙi, cikakken yamma. Gabas da yamman nan ba namu ba ne, na Amurka ne. Ana danganta na farko da ƴan wasan gaɓar gabas, masu filayen ciyawa, na biyu kuma da na Kaliforniya, inda daɓen siminti ke sa ƙwallo ta yi tsalle har kafaɗa, dole hannu ya koma ƙasan mariƙi kafin ya iya da ita. Nahiyar kuwa Turai ce. Sunaye ne masu ɗauke da tarihi, sai dai ga yaron da ke zaune a Yamai gabas alƙibla ce. Da na ce "riƙon gabas", wani ya miƙe ya juya jikinsa yana neman inda rana ke fitowa.

Wanda ya fi damun mai horarwa shi ne na gefe na biyu, domin da shi ake bugun buɗe wasa, da shi ake tarbar ƙwallo a bakin raga kafin ta taɓa ƙasa, da shi kuma ake sauke wadda aka ɗaga sama. A bakinsa sunansa "prise marteau". Wannan kam ba ta ba ni wuya ba: riƙon guduma. Na faɗa da ƙarfi, na maimaita, yara suka amsa. Sai kowannensu ya dunƙule hannu, yatsu a cure wuri guda, ya damƙe mariƙin gam, jijiyoyin wuya a tashe. Ba su yi kuskure ba. Gudumar da suka sani ita ce ta masu fasa dutse, wadda in ka sassauta mata sai ta kuɓuce. Abin da Bafaranshe ke gani idan ya ambaci tasa kalmar ɗan marton kafinta ne, wanda ake riƙe ƙarshen ƙotarsa ana buga ƙusa da tsintsiyar hannu a sake. Fassarata daidai take a ƙamus. Kwana huɗu aka yi ana fama da ita, har yara biyu suka fara kukan gwiwar hannu, mai horarwa kuma ya fara yi mini kallon da ake yi wa tafintan da ake zargi yana ƙara gishiri.

Akwai wani dattijo mai kula da filin, mutumin Adar, wanda ke share shi da asuba, ya ɗaura raga, ya gyara tsirkiyar raketin da ta tsinke. Tun yana yaro yake tsintar ƙwallo a filayen Turawa, bai taɓa shiga aji ba, kuma daga baya na gan shi da takalmin soso yana buga abin da ni ba zan iya ba ko da za a ba ni shekara goma. Baba kowa ke ce masa. A rana ta biyar ya tare ni a bakin famfo.

"Ɗana, mi kac ce ma yaran ga?"

Na ce, "Riƙon guduma, Baba. Haka mushen ya faɗa."

Ya ce, "Guduma ba ta da ido. Ta ko'ina ka kai ta, bugawa takai. Wanga abu kuwa kaihi gare shi, huska gare shi. Ka ce musu gatari."

Bai jira amsata ba. Ya kira wani yaro, ya miƙa masa raketi, ya nuna masa ƙarfen da aka ɗaure raga, ya ce ya sare masa wannan icce. Yaron ya murza mariƙin a hannunsa ba tare da ya yi tunani ba, bakin raketin ya koma gaba, yatsu suka baje, manuniya ta ɗan zarce ƴan'uwanta, gaɓarta ta sauka a gefe na biyu kamar da ma can gidanta ne. Mai horarwa ya zo ya ɗaga hannun yaron, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce "voilà", kalmar da tun da muka fara bai faɗa ba.

Na daɗe ina juya wannan al'amari. Guduma tana ba hannu labarin ƙarfi, gatari yana ba shi labarin inda za a fuskanta, kuma fuskantar ita ce duk abin da ake nema. Hausa ta raba buga da sara tun kafin a haife ni, ni kuwa na tsallake rabon saboda idona yana kan kalmar Faransanci. Abin kunyar shi ne ni ɗan manomi ne daga wani ƙauye na kudancin Maraɗi, da gatari na tashi, na yi sassabe da shi kafin in san harafin a. Daga baya ma na tarar masu koyarwa da Ingilishi sukan kira wannan riƙo da sunan abin sara. Ashe ba wani sirri ba ne, ni ne na bar hannuna a gida na zo da baki.

Tun daga ranar na ajiye jerina na koma sauraron Baba. Na lura bai taɓa cewa kama ko damƙe ba, riƙe yake cewa, in kuma yaro ya matse da yawa sai ya ce, "Kak ka shaƙe shi, ba ɓarawo ba ne." Abin da mai horarwa ke bayyanawa da jimla uku, cewa riƙon yana kasancewa a sassauce har sai daidai lokacin haɗuwa da ƙwallo, Baba da amsa-kama biyu yake gama shi: sako-sako, sannan gam. Mu ɗaliban harshe mun saba ɗaukar amsa-kama a matsayin adon magana, abin da ake ba shafi biyu a ƙarshen babi. A wannan fili su ne ma'auni, kuma sun fi lamba saurin isa ga tsoka.

Matsalar da ta fi wannan nauyi ta ɓullo ne daga wata yarinya ƴar shekara goma sha ɗaya, wadda ta fi kowa iya wasa kafin zuwanmu. Ita kaɗai ce bugunta na buɗe wasa ke shiga kusan kullum. Sai dai riƙonta shi ne wanda duk sabon shiga ke faɗawa a ciki: ka ajiye raketi kwance a ƙasa, ka ɗauke shi yadda ya zo, ka fuskanci raga gaba da gaba, ka tura ƙwallo da fuskar raketin. Faransawa da kaskon suya suke kwatanta shi, mu muka sa masa riƙon mafici, domin haka ake riƙe mafici a bakin murhu. Yana biya nan take, kuma hanya ce mai toshewa a gaba: ba ya barin hannu ya juya, ba ya sa ƙwallo ta yi juyi, ƙarfinsa duka daga kafaɗa yake fitowa, ranar da aka gamu da wanda ya iya mayar da bugu an gama. Mai horarwa ya ce ta bari. Ni ne bakinsa, saboda haka a wurinta ni ne na ce.

Domin a fahimci abin da aka nemi ta bari da wanda aka nemi ta ɗauka, sai an san yadda bugun yake. Tsawon filin mita 23 da santimita 77 ne. Mai bugu yana tsayawa bayan layin ƙarshe, ya fara daga dama, ya aika ƙwallo a karkace ta tsallake raga ta faɗa cikin akwatin da ke ɗaya ɓangaren, wanda iyakarsa mita 6 da santimita 40 daga raga. Dama biyu ake ba shi. In ya ɓarar da su duka ya rasa maki, in ya taka layi kafin ya buga ma laifi ne. Ba ya fuskantar raga, gefe yake ba ta, ƙafar hagu tana kallon ƙarfen raga na dama, ta dama tana bin layi. Hannun hagu ya kai ƙwallo sama, gwiwoyi su lanƙwashe, raketi ya zarce bayan kai ya rataya kamar zai sosa baya, sannan ƙafafu su tunkuɗa ƙasa, ƙarfin ya bi ƙugu, ya bi kafaɗa, ya bi gwiwar hannu, ya ƙare a kan tsirkiya. Jifa ne, ba turi ba. Yaran da suka saba jifan mangwaro sun riga sauran kama shi.

A nan na sake yin tuntuɓe, a kan hannun hagu. Mai horarwa "lancer" yake cewa, ni kuma na ce jefa. Sai ƙwallaye suka riƙa tashi ko'ina, wata baya, wata gefe, wata har kan katanga, domin jefa a Hausa tana tafiya da fizgar tsintsiyar hannu, haka ma cilla da wurga. Abin da ake so kuwa hannu ne miƙaƙƙe, ƙwallo a kan bakin yatsu, a ɗaga daga kafaɗa, a buɗe yatsun wajen daidai goshi, ta tashi ba juyi ta tsaya ɗan sama da inda kan raketi zai iya kaiwa, ɗan gaba da mai bugu, ɗan damansa. Na gwada giredin aikatau ɗin ɗaya bayan ɗaya kamar mai amsa jarrabawa, jefa, jefo, jefar, ba wanda ya gyara komai, domin cutar a saiwar take. Baba ya ce, "Miƙa ta. Wani na bisa rumbu, kai kana ƙasa da ƙwaryar hura cike. Miƙa mai, kak ka zubar." Miƙa ce ta zauna a bakin yaran har aka tashi.

Saura abin da ya sa gatari ya zama dole. Wanda ya riƙe raketi riƙon gatari, in ya kai hannu sama, kaifi ne ke nufar ƙwallo. Da zai ci gaba a haka, da bakin raketin zai sare ta. Amma a ƙiftawar ƙarshe sangalin hannu yana juyawa ciki, kafaɗa tana taya shi, fuskar raketin ta buɗe ta mari ƙwallo, ta wuce tana kallon waje, sannan hannu ya sauko ta gefen hagu na jiki. Wannan juyi, wanda littattafan Faransanci ke kira "pronation", shi ne ke ba kan raketi gudun da kafaɗa kaɗai ba za ta iya ba shi ba. Baba cewa yake, "Nufe ta da kaihi, mare ta da huska."

Wata rana da dare na yi wani ɗan lissafi da ya ƙara gamsar da ni. Tsayin raga a tsakiya santimita 91 ne da ɗan ɗoriya. Idan aka ja miƙaƙƙen zare daga layin akwati, ya shafi saman raga, ya ƙarasa layin ƙarshe inda mai bugu ke tsaye, zai iske shi a tsayin kusan mita 2 da santimita 60. Duk wanda ke haɗuwa da ƙwallo ƙasa da nan ba shi da miƙaƙƙiyar hanya zuwa akwatin, sai dai ƙwallon ta lanƙwaso. Yaro kuwa ko ya yi ɗage ya ƙara da tsawon raketi bai kai ba. Hanya biyu ta rage masa: ko ya buga a hankali nauyin ƙwallo ya sauko da ita, wanda shi ne abin da mafici ke yi, ko ya buga da ƙarfi ya sa mata juyin da zai danno ta ƙasa. Juyin nan ba ya samuwa sai da gatari. In aka shafi gefenta na dama ta tafi tana karkata, yaran suka ce an fere ta, kamar rake. In aka shafo ta daga ƙasa zuwa sama ta bayanta, ta tsallake raga da tazara ta faɗo ta yi tsalle sama, wannan suka sa masa harbin jaki. Ba ni na ƙirƙiri ko ɗaya ba, rubutawa kawai na yi.

Lissafi dai bai share wa yarinyar hawaye ba. Mako uku bugunta yana faɗawa raga ko ya fice hagu, waɗanda take cinyewa da suka fara cinye ta. Ta daina gaishe ni. Wata safiya ta tsaya a gabana ta ce, "Mushe, da ina iyawa, kai ka ɓata mini." Na rasa ta cewa, domin rabin maganarta gaskiya ne, kuma ni da nake faɗa mata ta yi haƙuri ban iya shigar da ko ɗaya cikin biyar ba idan na gwada bayan an tashi. Na so in je in roƙi mai horarwa ya bar ta da maficinta har a gama ƴar gasar da za a rufe horon da ita, tunda mahaifinta zai zo kallo. Na tuntuɓi Baba. Ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in an bar ta ta ci gasa da mafici ba mai sake raba ta da shi. Ban tabbata na yarda ba a lokacin, amma na yi shiru.

Abin da na iya yi shi ne na kawo mata wata mafita daga karatuna. Doka ba ta hana a buga daga ƙasa ba, kuma a gasar Roland-Garros ta 1989 Michael Chang, yana ɗan shekara 17, ƙafafunsa sun ɗaure, ya yi wa Ivan Lendl irin wannan bugu, ya ci wasan, ya kuma ɗauki kofin. Na ce in ta ɓarar da damar farko ta yi haka a ta biyu. Ta dube ni ta ce wannan bugun tsofaffi ne.

Ranar gasar an fitar da ita a zagaye na biyu. Na ƙirga da kaina, sau bakwai ta ɓarar da damarta duka biyu. Sau ɗaya na ga hannunta ya murza mariƙin zai koma mafici, ta dubi wajen da Baba ke tsaye da tsintsiyarsa, ta mayar. A wasanta na ƙarshe akwai bugu biyu da suka fita yadda ake so, suka faɗi cikin akwati suka karkace suka bar abokiyar karawarta tana sarar iska. Biyu ne kacal, kuma ba su hana ta kuka ba. Da aka tashi ba ta yi mini magana ba, amma na ji tana gaya wa mahaifinta cewa ta fere ta, tana nuna masa da hannu.

Daga kalmomina arba'in da biyu, tara ne suka rayu, mafi yawansu irin su raga da layi da fili, waɗanda ba sa bukatar ɗan jami'a. "Bugun buɗe wasa" da nake ta amfani da shi a wannan rubutu ba wanda ya taɓa faɗarsa a fili. Sarbis suke cewa, sun mayar da v ta koma b kamar yadda harshe ya saba yi wa baƙinsa, kuma na daina ganin laifin hakan, domin suna ne kawai, ba ya umurtar hannu da komai. Inda aro ke kasawa shi ne wajen aikatau, inda kalma za ta shiga jiki ta motsa shi. Ungo kuwa, da na ba su labarinsa don nishaɗi, sai suka ɗauke shi suna ƙwala wa juna kafin kowane bugu, har mai horarwa ya hana a ranar gasa.

Kalma ɗaya ce har yau muke jayayya a kanta, sunan juyin nan na sangalin hannu. Na rubuta juyin kaifi a kundina, Baba ya ce wannan sunan takarda ne. Shi murɗa yake cewa, ni kuma na ga yaran da suka ji murɗa suna karya tsintsiyar hannu, abin da ake gudu ke nan. Ina zargin kalmar tana nan a bakin masu wata sana'a da hannunsu ke irin wannan motsi, masu wurga majajjawa a gonar gero, ko masu shiƙa, ko maƙera. Ƴan'uwana ɗalibai na Adar da Damagaram da Arewa da Gobir, wanda ya ji ta a garinsu ya kawo mini, da sunan sana'ar da jimlar da aka faɗe ta a ciki. Zan kai wa Baba ya gwada ta a kan yaran ranar Asabar.